Shin da gaske motocin da sun fi na yanzu ƙwari?

Duk inda aka zauna ana lissafin motocin da mutum ya taɓa mallaka, tun daga ta farko har zuwa wadda yake hawa yau, hirar ba ta yin nisa sai wani ya ce, "Ai mota ita ce ta da, ta yanzu gwangwani ce." Nan take za ka ga ana gyaɗa kai. Wannan ya kawo labarin wadda ya shekara 15 da ita ba a taɓa buɗe mata inji ba, wancan ya ce tasa ta taɓa dukan katanga, katangar ce ta ji jiki. Ba a ƙasa ɗaya kaɗai ake wannan magana ba, ko'ina aka san mota ana yin ta. To, gaskiya ce? In kuwa ba gaskiya ba ce, me ya sa mutane masu hankali, waɗanda suka tuƙa tsofaffin da sababbin da hannunsu, suke rantsuwa a kanta?

Ni ma na sha faɗin haka. Abin da ya sa na zauna na bi maganar a tsanake shi ne, ba a wurin hira take tsayawa ba. Da ita mutane suke yanke shawarar motar da za su saya su ɗora iyalinsu a ciki.

Me muke nufi da "ƙwari"?

Rikicin daga kalmar ya faro. Idan mutum ya ce mota tana da ƙwari, wani lokaci taurin bodi yake nufi, wato ka ƙwanƙwasa ka ji ƙarfe ya amsa. Wani lokaci tsawon rai yake nufi, shekara nawa za ta yi kafin a jingine ta. Akwai mai nufin ba ta yawan tsayawa a hanya, akwai kuma mai nufin ko ta tsaya, nan da nan ake tayar da ita. Waɗannan abubuwa daban-daban ne, har wasunsu kishiyoyin juna ne. Sai kuma wanda ba kasafai ake sa shi a lissafi ba, alhali shi ne babba: idan ƙaddara ta faɗa, motar za ta kare wanda ke cikinta?

A ganina, tsofaffin motoci sun ci jarrabawa ɗaya da kyakkyawan sakamako, ita ce ta sauƙin gyara. Saura kuwa, ko dai sun faɗi, ko kuma tunaninmu ne ya ƙara musu maki.

Bodin da ba ya lotsewa

Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, idan ta daki abu ta tsaya cak, ƙarfin da ke jikin direba daidai yake da na wanda ya faɗo daga tsayin kusan mita 10. Wannan ƙarfi ba ya ɓacewa, dole wani abu ya shanye shi. Ko dai ƙarfen gaban motar ya nannaɗe ya shanye, ko ƙirji da kan mutum su shanye.

Wani injiniyan kamfanin Mercedes-Benz, Béla Barényi, shi ya fara tsara wannan tunani a aikace: a yi gaba da bayan mota yadda za su lotse da gangan, a ƙarfafa tsakiyar da mutane ke zaune ta zama kamar akwaku. Ya samu rajistar ƙirƙirar a 1952, aka fara sa ta a motocin kasuwa a 1959. A wannan shekarar ce kuma kamfanin Volvo ya fito da bel ɗin kujera mai ratsa kafaɗa da ƙugu, ƙirar Nils Bohlin, ya kuma bar sauran kamfanoni su yi amfani da shi kyauta. Birki mai hana taya kullewa na zamani ya shigo a 1978, na'urar da ke hana mota sulɓewa ta juya a kwana ta biyo baya a 1995.

Saboda haka idan ka ga sabuwar mota ta yi raga-raga a hatsari amma direban ya fito da ƙafarsa, ba rauni ka gani ba. Aikin da aka ƙera ta don ta yi ke nan.

A 2009 wata cibiyar kamfanonin inshora ta Amurka mai gwajin hatsari ta haɗa motoci biyu na kamfani ɗaya karo gaba da gaba, kowacce tana gudun kimanin kilomita 64 a awa: Chevrolet Bel Air ta 1959 da Chevrolet Malibu ta 2009. Gani ya kori ji. Tsohuwar, mai faɗin nan da ƙyalli da kaurin bodi, ita ce ta wargaje. Gilashi ya fice, rufi ya karye, sitiyari ya yo kan mutum-mutumin da ke kujerar direba, ƙura ta tashi. Sabuwar gabanta ya tafi, amma ɗakin zama yana nan yadda yake, kuma abin da aka hango wa direbanta bai wuce rauni a ƙafa ba. Wato kaurin fatar waje daban, ƙarfin ƙashin ciki daban. Yatsan da ke ƙwanƙwasa ƙofa fatar kawai yake ji.

Alƙaluman Amurka sun nuna haka a dunƙule. A tsakiyar shekarun 1960 ana rasa sama da mutum 5 a kowace tafiyar mil miliyan 100, zuwa shekarun 2010 abin ya sauko kusa da mutum 1. Ba ƙirar mota kaɗai ta jawo wannan ba, akwai gyaran hanyoyi da dokoki da agajin gaggawa, amma rabonta a ciki babba ne. Har yanzu kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara. Shi ya sa maganar taurin bodi take damuna fiye da sauran.

Waɗanda suka rayu kawai muke gani

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Amurka sun duba jiragen yaƙin da ke dawowa, suka ga inda harsashi ya fi huda su, aka yi tunanin a ƙara sulke a nan. Wani masanin lissafi, Abraham Wald, ya nuna cewa jiragen da suka dawo kaɗai ake dubawa. Inda ba a ga rami ba, nan ne idan aka harba jirgin ba ya dawowa a gan shi.

Haka muke yi da tsofaffin motoci. Volkswagen Beetle, wadda ake wa laƙabi da kunkuru, an ƙera fiye da miliyan 21 kafin ta ƙarshe ta fito a Meziko a 2003. Guda nawa suka rage a kan hanya? Wadda ka gani yau tana sheƙi, ka ce "dubi ƙwari", ɗaya ce daga cikin 'yan tsirarun da suka dace da mai kula, ko suka zauna a busasshiyar ƙasa, ko aka sauya musu kusan komai. Miliyoyin da tsatsa ta cinye tuni an narka su, ba su nan balle su ba da shaida.

Ba ina musun cewa akwai zakaru ba. Peugeot 504 da ta fito a 1968 ta ci gasar tseren Safari ta gabashin Afirka a 1975, kuma ta cancanci sunan da ta yi a munanan hanyoyi. Mercedes ƙirar W123, da aka yi daga 1976 zuwa 1986, ta yi aikin tasi a nahiyoyi da dama har ta ga jikokinta. Wani malamin makaranta a Amurka, Irv Gordon, ya yi tafiyar sama da mil miliyan 3 da Volvo ɗinsa ta 1966. Sai dai ana ba da labarinsu ne don sun fita daban. Shi Gordon ma an san shi da bin ƙa'idar sabis ba fashi, kuma an sake ɗaure injin motar a tsawon wannan tafiya.

Akwai wata 'yar shaida da ke gaban kowa amma ba a lura da ita. Yawancin tsofaffin motoci agogon lissafin tafiyarsu gurbi biyar gare shi, yana kaiwa 99,999 sai ya koma sifili. Masu ƙera su ba su ga dalilin ƙara gurbi na shida ba. Yau kuwa motar da ta yi kilomita 200,000 ana sayar da ita a ce da sauranta. A Amurka, matsakaicin shekarun motocin da ke kan hanya bai kai 7 ba a farkon shekarun 1970, amma zuwa 2024 ya haura 12. Tsada na cikin abin da ke sa mutane riƙe mota, gaskiya ne, amma ba a riƙe abin da ya riga ya ruɓe. Babban abin da ya canza shi ne yaƙi da tsatsa. Porsche ta fara lulluɓe bodi gaba ɗaya da tutiya a tsakiyar shekarun 1970, Audi ta bi a shekarun 1980, daga baya ya zama ruwan dare.

Abin da muka manta

Motata ta farko ta hannu ce, mai kafireto. Har yanzu ina jin ƙamshin kujerunta idan rana ta dake su, ina tuna yadda ƙofar direba take son a ɗan ɗaga ta kafin ta rufu. Shekaru da dama ina ba da labarinta a matsayin motar da ba ta taɓa ba ni kunya ba. Sai wata rana ina kwashe tsofaffin takardu na ci karo da ɗan littafin da nake rubuta abin da na yi mata. Shafi bayan shafi: wanke kafireto, saita kwantak, filogi huɗu, fanbel, ruwan lagireto, walda a salansa, filogi kuma. Kusan babu watan da ba ta ga makanike ba.

Nan safiyoyin sanyi suka dawo mini. Ka ja cok, ka taka totur sau biyu, ka murɗa makulli kana sauraro da dukkan jikinka. In ta kama, ka zauna minti biyar tana ɗumi. In ta sha mai da yawa ta shaƙe, ka buɗe bonet, ka kwance filogi, ka goge bakinsa da 'yar takardar yashi, ka hura, ka mayar. A but kuwa kullum akwai galan na ruwa, da fanbel na ajiya, da sifana a naɗe cikin tsumma. A lokacin ban ɗauki wannan a matsayin lalacewa ba. Haka mota take, kowa haka yake yi. Filogin wancan zamani ana canza shi bayan 'yan dubban kilomita, na yanzu akwai mai kai 100,000 ba a taɓa shi ba.

Akwai kuma abin da hanci bai gaya mana ba. Tun daga 1923 ake zuba dalma a fetur don inji ya daina ƙwanƙwasa, kuma hayaƙin ya shiga jinin yara a duniya baki ɗaya, yana taɓa ƙwaƙwalwarsu. Sai a 2021 aka daina sayar da irin wannan fetur ga motoci, Aljeriya ce ta ƙarshe. Wannan ma yana cikin gadon motocin da muke kewa.

To me ya sa zuciya ta share duk wannan? Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa abin da mutum ya fi tunawa, kuma ya fi tunawa da daɗi, shi ne abin da ya same shi tsakanin shekara 10 zuwa 30 na rayuwarsa. Motar farko a nan take faɗowa. A cikinta ka fara tafiya mai nisa kai kaɗai, a cikinta ka ɗauko ɗanka na fari daga asibiti kana tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai, a kujerarta ta gaba mahaifinka ya zauna yana riƙe da hannun ƙofa yana cewa ka rage gudu. Idan mutum ya jero motocinsa, shekarunsa yake jerowa, da mutanen da suka hau, wasunsu ba sa raye. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ba na ganin laifin wannan kewa ko kaɗan. Kuskuren shi ne a mai da ita hukunci a kan ƙarfe.

Inda masu kewar suke da gaskiya

Amma fa ba tunani ne kawai ba. Akwai abin da aka rasa da gaske, kuma a nan nake tare da su.

Tsohuwar mota tana yawan ciwo, amma ciwonta a fili yake. Mai, wuta, iska: in ta ƙi tashi, ɗaya daga cikin ukun nan ne, kuma da sifana da sukundireba da kunne mai kyau za a gano shi a bakin hanya. Mai mota yana iya sanin motarsa ciki da waje. Wannan shi ne ainihin abin da mutane ke kira ƙwari ba tare da sun ankara ba. Ba ta fi ƙarfin lalacewa ba, lalacewarta ce ba ta fi ƙarfin mai ita ba.

Abin da ya kawo sauyi dokokin hayaƙi ne. Daga 1975 motocin Amurka suka fara ɗaukar tukunyar tace hayaƙi a jikin salansa, ita kuma ba ta aiki da kyau sai an auna mai da iska daidai wa daida, abin da ke yi wa kafireto wuya. Sai aka koma fesa mai da nozul, kwamfuta tana lissafi, na'urorin ji suna kai mata rahoto. Daga 1996 aka wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka wata kafa iri ɗaya da ake jona na'urar bincike, Turai ta bi a 2001 ga masu fetur. An samu riba mai yawa: tashi ɗaya da safe, ƙarancin shan mai, iska mai tsabta. Amma daga nan gyara ya fara barin hannu yana komawa allo.

Yau abu kaɗan ne ake gyarawa, yawanci cirewa ake a sa sabo. Fitilar gaba da a da ƙwai ɗaya za ka canza, yanzu a wasu motocin sai dai a sauya ta ɗungurungum. Bamba ta cika da na'urori da kyamara, ƙaramin gogar da a da guduma da fenti za su rufe, yanzu sai an sake saita komai da kwamfuta. Ƙananan injina masu turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, suna ba da ƙarfi da ɗan mai, amma ba sa yafe baƙin mai mara kyau ko jinkirin sabis yadda tsofaffin manyan injina suke yafewa. Wani kayan ma ko ka samo shi ka ɗaura, ba zai yi aiki ba sai an gabatar da shi ga kwamfutar motar da manhajar kamfani.

Wannan ne ya haifar da fafutukar da ake kira 'yancin gyara. Masu zaɓe a jihar Masacusets ta Amurka sun amince a 2012 cewa dole kamfanoni su ba makanikai masu zaman kansu bayanan gyara irin waɗanda suke ba dillalansu, suka sake faɗaɗa dokar a 2020 ta haɗa da bayanan da mota ke aikawa ta iska. Kamfanoni sun ce buɗe wannan ƙofa zai ba masu kutse dama, kuma damuwar ba ƙarya ba ce, motar da ke haɗe da intanet ana iya yi mata kutse. Sai dai wanda ya biya kuɗin mota yana da hakkin zaɓar wanda zai taɓa masa ita, kuma a ganina wannan hakki ya fi nauyi. A 2022 BMW ta gwada karɓar kuɗin wata-wata a wasu ƙasashe kafin ta kunna ɗumin kujerar da tuni yake jikin motar da mutum ya saya. Jama'a suka yi ca, ta janye a 2023.

Sababbin ma ba su da tsarki. Jakunkunan iska na kamfanin Takata, da aka sa don ceton rai, sun riƙa fashewa suna watsa ƙarfe, aka yi kiranyen gomman miliyoyin motoci. A 2015 aka gano Volkswagen ta sa manhajar yaudarar gwajin hayaƙi a motocin dizal kusan miliyan 11. Hatta cusa komai cikin allon taɓawa ya kai ga hukumar gwajin hatsari ta Turai ta ce daga 2026 za ta riƙa duba ko muhimman abubuwa irin su sigina da hon da abin share gilashi suna da maɓallin da hannu zai laluba ba tare da ido ya bar hanya ba. Zargin cewa ana ƙera mota don a gaji da ita da wuri kuwa ba na yau ba ne. Tun shekarun 1920 kamfanin General Motors, a ƙarƙashin Alfred Sloan, ya fara sauya fasalin mota kowace shekara don ta bara ta zama tsohon yayi.

Abin da wannan ke nufi ga mai saye

Yawancin mutanen duniya ba sabuwar mota suke saye ba. Wani rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu kimanin miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, mafi yawansu zuwa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Ma'ana, motar da aka tsara don garejin dillali mai kwamfuta tana ƙarasa rayuwarta a hannun mai ita na uku ko na huɗu, nesa da wannan gareji. A wurinsa sauƙin gyara ba kewa ba ce, lissafin aljihu ne. Shi ya sa da yawa suke neman motocin ƙarshen shekarun 1990 zuwa wajen 2010, waɗanda suka rabu da kafireto, suka samu jakar iska da ɗakin zama mai ƙarfi, amma kwamfuta ba ta riga ta mamaye ko'ina ba. Ina ganin hikima a wannan zaɓi, in dai an tuna cewa su ma shekaru suna cin su. Roba tana bushewa, waya tana tsagewa, kuma na'urar hana sulɓewa ba a wajabta ta a Amurka ba sai a ƙirar 2012, a Turai kuma sai 2014 ga dukkan sababbin motoci, don haka ba kowacce ke da ita ba.

Mai duba mota ya bar ƙwanƙwasa ƙofa, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi. Tsatsa ko walda a ƙashin motar ta fi komai muni, domin ita ke karya akwakun da zai kare shi. Ya murɗa makulli ya ga fitilar jakar iska ta kama sannan ta mutu, domin wadda ba ta kamawa sam wataƙila cire ƙwanta aka yi don a ɓoye matsala. Ya ja kowane bel da ƙarfi ya ji ya kulle. Sannan ya tambayi makaniken da zai riƙa kai wa ko ya san irinta, kuma ana samun kayanta.

Makanikai su ma abin ya shafe su kai tsaye. Wanda ya ƙware a kunne da hannu, yanzu dole ya ƙara da karatun na'urar bincike da bin zanen waya, in ba haka ba sai ya koma canza kaya ɗaya bayan ɗaya da kuɗin mai mota har a dace.

Motocin lantarki za su ƙara tsananta wannan tambaya. Ba filogi, ba baƙin man inji, ba salansa, sassan da ke motsi kaɗan ne, don haka ta wata fuskar sun fi kowace mota sauƙi. Amma rayuwarsu ta rataya ne a kan batir da manhaja, su kuwa a hannun kamfani suke. An riga an ga somin-taɓi a 2022, lokacin da kamfanonin waya a Amurka suka rufe tsohon layin 3G. Motoci masu yawa da injinsu ke lafiya ƙalau suka wayi gari maɓallin kiran agajin gaggawa da ke cikinsu ya daina aiki, wasunsu ba su kai shekara goma da fitowa ba, kuma babu sifanar da za ta dawo da shi.